Ya bar giya shekara 36, sigari ta ci huhunsa: nazarin lamarin Bill Wilson

Ranar 24 ga Janairun 1971 wani dattijo Ba'amurke ɗan shekara 75 ya rasu a wani asibitin birnin Miami, jim kaɗan bayan an kawo shi ta jirgin sama daga New York numfashinsa na sarƙewa. Galibin waɗanda suka yi jimaminsa ba su san cikakken sunansa ba sai da jaridu suka buga shi: William Griffith Wilson. Su Bill W. suka sani, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Alcoholics Anonymous, wato AA, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya ba tare da bayyana sunayensu ba. Ya shekara 36 bai kai ko ɗigon barasa bakinsa ba. Abin da ya kashe shi emfisima ne, ciwon huhu na masu shan taba, da nimoniya da ta hau kai.

Wannan nazari na kan tambaya guda ce da har yau ake ja-in-ja a kanta a wuraren jinyar mashaya: wanda ya samu ya rabu da giya, yaushe ne ya kamata ya waiwayi sigarin da ke hannunsa?

Mutumin

An haife shi ranar 26 ga Nuwamban 1895 a ƙauyen East Dorset na jihar Vermont. A soja giya ta same shi, a 1917, lokacin da Amurka ke shirin tura samarinta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo daga Faransa sai ya shiga harkar hannun jari a Wall Street, ya samu kuɗi, ya kuma shanye da yawa daga cikinsu. Karyewar kasuwar 1929 ta kwashe sauran. Daga nan matarsa Lois ce ke fita aiki a wani babban kanti, shi yana gida a Brooklyn shi da kwalba. Tsakanin 1933 da 1934 sau huɗu ana kwantar da shi a asibitin Towns na New York, inda likitansa, William Silkworth, ya fahimtar da shi cewa abin da ke damunsa ciwo ne da ya kama jiki da tunani, kuma mai irin wannan ciwo ba shi da wani “zan ɗan kurɓa kaɗan”. A Nuwamban 1934 wani tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya ziyarce shi garau, ba maye, ya ba shi labarin yadda ya daina. Ranar 11 ga Disamban shekarar Bill ya yi shansa na ƙarshe a kan hanyar komawa asibitin. Shekarunsa 39.

Bayan wata biyar, a Mayun 1935, cinikin da ya kai shi garin Akron na jihar Ohio ya wargaje. Ya tsinci kansa shi kaɗai a harabar otal ɗin Mayflower, ranar Asabar, aljihu ba nauyi. A wannan ƙarshen harabar mashaya ce, ana ta hira da dariya. A wancan ƙarshen kuma allo ne mai jerin sunayen coci-coci da limamansu, ga tarho a kusa. Tarhon ya nufa, ya yi ta bugawa yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi wa magana, don ya gane cewa magana da mai irin ciwonsa ce ke hana shi sha. Washegari aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda ya zo da niyyar zaman minti goma sha biyar, suka shafe sa'o'i suna hira. Ranar 10 ga Yunin 1935, ranar da aka ƙidaya a matsayin shan ƙarshe na Dokta Bob, ita ce AA ta ɗauka ranar kafuwarta.

Duk wannan gwagwarmaya an yi ta ne da karan sigari a yatsunsa, kuma babu wanda ya ga abin magana a ciki.

Yadda sigari ta samu wurin zama

Ba za a yi masa adalci ba sai an tuna zamanin. A 1935 likitoci da kansu na busa taba a ofisoshinsu. Manyan binciken da suka ɗaura alhakin sankarar huhu a wuyan sigari, na Doll da Hill a Ingila da na Wynder da Graham a Amurka, sai a 1950 suka fito. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, wanda ya sa hukuma ta fito fili ta faɗi illar, ya zo ne ranar 11 ga Janairun 1964. Ko a 1965 kusan kashi 42 cikin 100 na manyan Amurkawa na sha. Saboda haka a farkon lamarin jahilci ne na kowa da kowa.

Amma a cikin AA abin ya wuce jahilci, ya zama al'ada mai hujja. Babban littafin ƙungiyar da ya fito a 1939, wanda Bill ne ya rubuta mafi yawansa, ya kawo labarin wani ɗan ƙungiyar mai yawan shan taba da gahawa. Matarsa ta sa shi gaba da mita kan ya daina, shi kuma ya ce bai shirya ba, har ransa ya ɓaci ya je ya yi tatul. Littafin bai wanke mijin ba, ya ce ya yi kuskure. Sai dai darasin da ya bar wa iyali shi ne kada a tayar da jijiyar wuya kan ƙaramin abu alhali ana maganin babba, kuma nan take ya biyo da taken ƙungiyar da ke cewa a fara da abin da ya fi muhimmanci. Miliyoyin mutane sun karanta wannan shafi. Abin da suka ɗauka daga ciki shi ne abin da Bahaushe ke cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Haka ɗakin taron AA ya samu kamanninsa na gomman shekaru: ɗakin ƙasa na wani coci, kujerun ƙarfe a jere, babban tulun gahawa a kusurwa, farantin toka a gaban kowa, hayaƙi ya tokare rufi har na baya ba ya ganin fuskar mai magana sosai. Sabon zuwa, hannu na rawa, wani tsohon ɗan ƙungiya zai miƙa masa kofi ya kuma miƙa masa kara. Wannan karamci ne na gaske, kuma ya riƙe mutane da yawa a kujera a daren da ƙafarsu ke son kai su mashaya. Al'adar ta yi tsawon rai. A 2008 masu bincike na jami'ar Vanderbilt sun tambayi 'yan AA 289 a birnin Nashville, suka samu kusan kashi 57 cikin 100 na shan sigari, kusan kashi 89 kuma na shan gahawa, a lokacin da mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke shan taba a ƙasar baki ɗaya.

Akwai kuma dalili a cikin jiki. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, ya sa ta saki dofamin, sinadarin da ke sa mutum ya ji daɗin abu ya kuma so maimaita shi. Giya ma ta wannan hanyar take bi. Ita tana kawo kasala da barci, nikotin yana wartsakar da mutum ya ci gaba da sha. Ita kuma tana ƙara wa sigari ɗanɗano. Shekara da shekaru ana haɗa su, sai kowace ta zama mai kiran 'yar'uwarta. Ga kuma yawan maimaici: mai shan kwali ɗaya a rana, kara 20, in ya yi zuƙa goma a kowane kara, ya kai hannu baki sau 200 ke nan kafin ya kwanta, sau 73,000 a shekara. Babu mashayin giyar da ke ɗaga kofi haka. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka bar duka biyun ke cewa sigarin ce ta fi ba su wuya.

Bill yana da ƙarin nauyi na kansa. Daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa tsakiyar na 1950 ya yi fama da ciwon damuwa mai tsanani, ga ragamar ƙungiya mai bunƙasa a hannunsa, wadda bai sauke ba sai a taron St. Louis na 1955. Mai irin wannan hali, in ya ce a bar masa sigarinsa, da wuya a samu mai ja da shi.

Huhun

Emfisima ba ya zuwa da hayaniya. Huhu cike yake da ƙananan jakunkunan iska, miliyoyinsu, masu bango siriri da ke buɗewa ya koma kamar yadda ya kamata a kowane numfashi. Hayaƙin taba na cinye wannan bango a hankali, jakunkunan su haɗe su zama manya marasa ƙarfi. Iska na shiga amma fitar da ita ya zama aiki. Mutum zai fara da haki a kan matakala, ya ɗora wa tsufa. Daga baya sa riga ma sai ya huta. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Abin da daina sha ke yi shi ne rage saurin lalacewar sauran, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya daina da wuri.

Ebby Thacher, wanda ya kawo wa Bill saƙon farko, ya rasu a 1966 da wannan ciwo. A lokacin shi ma Bill ciwon ya riga ya kama shi. A ƙarshen shekarun 1960 ya kai ga dogara da tukunyar iskar oksijin, kuma masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa duk da haka bai rabu da sigari ba: ya kan ce ya daina, sannan ya ɓuya ya sha. Wannan ita ce gaɓar da ta fi ɗaukar hankali a lamarin. Mutumin da ya koya wa duniya cewa ɓoyewa da musu su ne alamomin kamu, shi ne ke ɓoye kwali a gidansa. Duk matakan barin giya goma sha biyu da ya tsara wa AA, irin su na amincewa da cewa abu ya fi ƙarfinka, na faɗa wa wani gaskiya, na neman mai irin ciwonka, bai samu ɗakin da zai kai su a kan taba ba, don ɗakin da ya gina cike yake da hayaƙi.

A Yulin 1970, a babban taron cika shekara 35 na ƙungiyar a Miami Beach, a keken marasa lafiya aka shigo da shi, ya yi 'yar gajeruwar magana. Bayanan ma'aikacin jinyar da ya kula da shi sun nuna cewa a watansa na ƙarshe ya nemi a ba shi wuski har sau huɗu, ba a ba shi ba. Wasu na kawo wannan don su rage masa daraja. Ni ban ga abin kunya a ciki ba: mutum ne da iska ta ƙare wa, jikinsa ya tuno tsohon abin da ya taɓa sanin yana kashe zafi. Ranar da ya cika ita ce ranar cikar aurensa da Lois shekara 53.

Abin da bincike ya zo da shi daga baya

Shekara 25 bayan rasuwarsa aka gane cewa ba shi kaɗai ba ne. A 1996 Richard Hurt da abokan aikinsa na asibitin Mayo a jihar Minnesota suka wallafa sakamakon bin sawun mutum 845 da aka kwantar don jinyar shaye-shaye, akasarinsu na giya, tsakanin 1972 da 1983. Zuwa 1994 mutum 222 sun mutu. Da aka duba takardun mutuwarsu, kusan kashi 51 cikin 100 cututtukan taba ne suka kashe su, kashi 34 kuma na giya. An yi musu maganin abin da ya kawo su asibiti, an sallame su da abin da zai fi kashe su. Kuma a wajen wanda ya daɗe yana haɗa biyun, haɗarin sankarar baki da maƙogwaro da hanyar abinci ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi.

Sauran tambayar ita ce tsoron da littafin 1939 ya dasa: in an taɓa sigari, giya za ta dawo? A 2004 Judith Prochaska da abokan aikinta a jami'ar California da ke San Francisco suka tattara gwaje-gwaje 19 suka auna su tare. Waɗanda aka taimaka wa kan barin taba a lokacin jinyar shaye-shaye, damarsu ta ci gaba da ƙaurace wa giya da ƙwayoyi na dogon lokaci ta fi ta sauran da kashi 25 cikin 100. Wani nazarin na 2015, da ya bi dubban Amurkawa da suka warke daga matsalar giya na tsawon shekara uku, ya samu cewa masu ci gaba da shan sigari sun fi komawa ruwa. Hakan ya dace da abin da aka sani game da yadda ɗaya ke kiran ɗaya.

Sai dai akwai gwaji guda da masu ɗokin a daina komai rana ɗaya ba su cika son ambata ba, kuma ya kamata a ambace shi. A 2004 ɗin dai, Anne Joseph da tawagarta a Minneapolis suka raba masu jinyar giya 499 gida biyu. Rukuni ɗaya aka fara musu maganin taba nan take, ɗayan aka jinkirta musu wata shida. Bayan wata 18 adadin waɗanda suka bar taba kusan ɗaya ne a rukunan biyu, kuma ƙanƙani ne, bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Amma a wata na shida, kashi 41 ne na rukunin farko ba su koma giya ba, alhali na rukunin jinkiri kashi 56 ne. Ke nan tsofaffin 'yan AA ba shirme zalla suke faɗa ba. Akwai mutanen da haɗa biyun a makonnin farko ke yi wa yawa.

A ganina, a nan ne lamarin Bill ya fi koyar da abu. Jinkirin da aka gwada a Minneapolis na wata shida ne, da ranarsa a rubuce da wanda zai kira ka in ta zo. Jinkirin da aka yi wa Bill ba shi da rana. “Ba yanzu ba” ta 1935 ita ce ta 1945, ita ce ta 1955. Binciken likitocin Birtaniya da aka shafe shekara 50 ana yi, wanda sakamakonsa ya fito a 2004, ya nuna cewa wanda ya bar taba yana ɗan shekara 40 na ƙwato kimanin shekara tara na rayuwa, ɗan 50 shekara shida, ɗan 60 shekara uku. Bill na da 39 da ya bar giya, 59 da ya sauke shugabanci, 68 da rahoton Luther Terry ya fito. Shekarun farko ba laifin kowa ba ne. Daga 1964 kuwa an sani, kuma al'adar ɗakin ba ta motsa ba.

Da a yau ya zo asibiti

Likita na ƙwarai zai fara da giyar, kuma a nan taken ƙungiyar gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa, in ya tsaya kwatsam, yana iya faɗuwa da jijjiga ko ya shiga ruɗewa mai tsanani cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan na iya kisa. Ƙishirwar nikotin ba ta kisa. Tana kawo ƙunci, saurin fushi, rashin barci da yawan ci, ta fi zafi a makon farko, ta lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma tun a waɗannan kwanakin za a tambaye shi kara nawa yake sha, da kuma minti nawa yake yi bayan farkawa kafin ya kunna na farko, don wannan ne ke nuna zurfin kamun. Sannan a ba shi zaɓi: yanzu, ko wata rana da shi zai sa da bakinsa a rubuta.

Yana kuma da kayan aikin da Bill bai taɓa gani ba. Cingam ɗin nikotin sai a 1984 aka amince da shi a Amurka, filastar da ake mannawa a fata kuma a farkon shekarun 1990. Haɗa filasta da cingam ko alawar nikotin ya fi amfani da ɗaya kaɗai, kuma masu tarihin giya galibi kamunsu ya fi zurfi, don haka ƙaramin awo ba ya isarsu. Akwai ƙwayar varenicline da ta fito a 2006. An daɗe ana tsoron tana taɓa hankali, har sai da wani babban gwaji na mutum sama da 8,000 ya fito a 2016 bai samu ƙarin haɗari mai ma'ana ba, hukumar magunguna ta Amurka ta cire babban gargaɗin da ta liƙa mata. Sai dai in mutum ya koma giya yana shan ta, mayen na iya fin na da. Akwai bupropion, ƙwayar da ke maganin ciwon damuwa kuma take taimaka wa barin taba, wadda da ta yi daidai da mai ciwon damuwa irin Bill, amma ba a ba wanda ke cikin kwanakin farko na barin giya ko mai farfaɗiya, don tana sauƙaƙa jijjiga. Duk waɗannan sai da likita.

Wani ɗan abu da ake yawan mantawa: hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin narkar da kafin, sinadarin da ke cikin gahawa. Ranar da aka daina, kofin da aka saba sha sai ya yi aikin kusan biyu. Mutum ya ji gabansa na faɗuwa, barci ya ƙaurace, ya ce rashin sigari ne zai haukata shi, alhali tulun gahawar da ke kusurwar ɗakin ne. Wannan ya shafi mai cin goro da mai zaman shayi a wajenmu daidai yadda ya shafi ɗan AA na Nashville, kuma maganinsa rage yawan ne kawai. Haka wasu magungunan taɓin hankali, irin su olanzapine da clozapine, ƙarfinsu na ƙaruwa a jini in an bar taba, sai an sake duba awonsu.

Hukumomi sun motsa a hankali. Jihar New Jersey ta wajabta wa gidajen jinyar shaye-shaye na kwana su hana taba a harabarsu daga 2001. Jihar New York, inda Bill ya yi rayuwarsa, ta bi sahu a Yulin 2008 da doka da ta shafi duk cibiyoyin da take ba lasisi, tare da umarnin a riƙa yi wa taba magani kamar sauran abubuwan kamu. Ma'aikata da dama sun yi turjiya, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda da yawansu tsofaffin mashaya ne da har lokacin suke shan sigari. AA ita ma ba ta sauya matsayi ba: ƙa'idarta ta goma ta ce ba ta da ra'ayi kan abin da ke wajen giya, don haka dokokin hana shan taba a cikin gine-gine ne suka fitar da hayaƙin daga ɗakin zuwa bakin ƙofa. Wasu 'yan ƙungiyar a California ne, a 1982, suka ɗauki matakai goma sha biyun da Bill ya rubuta suka fara zama a kan taba. A 1990 suka sa wa ƙungiyar tasu suna Nicotine Anonymous.